A toshe Facebook da YouTube a kwamfutocin laburaren jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wata jami'a. Ɗalibai na cika kwamfutocinmu da Facebook da YouTube, masu son yin bincike na tsaye suna jira, ga intanet ɗin ya yi nauyi. An nemi mu ba da shawara: a toshe ko a bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ni dai ban goyi bayan toshewa gaba ɗaya ba. Damuwarku biyu ce, nauyin intanet da ƙarancin kujera, kuma kowacce da maganinta.

Abin da ke shanye intanet bidiyo ne, ba rubutu ba. A lissafin YouTube, bidiyo mai ingancin 1080p na buƙatar kusan megabit 5 (ma'aunin yawan data) a sakan ɗaya, na 480p kuwa kusan 1.1. Ke nan ɗalibai 20 masu kallon 1080p sun kwashe megabit 100 su kaɗai. Ki nemi masu kula da intanet ɗin jami'ar su yanka wa kowace kwamfuta kasonta, su kuma fifita rumbunan mujallun bincike irin su JSTOR da ScienceDirect. Da zarar kason ya ragu, YouTube kan sauko da ingancin bidiyon da kansa, mai sauke maƙala kuma ya samu hanya.

Batun kujera mai sauƙi ne: kowa ya shiga da lambarsa ta ɗalibi, a ba shi awa ɗaya, a ware wasu kwamfutoci don bincike zalla.

Abin da ya sa toshewar ke damuna shi ne wanda za ta fi shafa. Mai babbar waya da data zai koma wayarsa, wanda ya iya VPN (manhajar da ke tsallake toshewar shafuka) zai zagaye ku. Wanda za a bari a baya shi ne ɗalibin da ba shi da wata kwamfuta sai ta laburare, alhali irin waɗannan kafafen ma wurin karatu ne: sanarwar ajinsa a WhatsApp take fitowa, laccocin da jami'ar MIT ta Amurka ke sakawa kyauta suna YouTube, masu bincike kuma tun 2008 suke musayar maƙalu a dandalinsu na ResearchGate.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi tsorata ni: ɗalibi ya tashi ya bar asusunsa a buɗe, na bayansa ya zauna ya shiga saƙonninsa ko ya yi rubutu da sunansa. Ku hana burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) adana kalmar sirri, ku sa manhaja irin Deep Freeze da ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta. Ɗalibai kuma a koya musu fita daga asusu kafin su tashi, da kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a nemi ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa waya.