Kiɗan zanga-zanga a Jamus

Tambaya: Anti, ina karatu a Jamus. Abokaina sun gayyace ni wasan kiɗan rock na adawa da wariyar launin fata. In je? — Wani ɗalibi, Leipzig

Amsa: Je ka, ɗana. A Chemnitz, ranar 3 ga Satumba 2018, bayan masu ƙyamar baƙi sun tada tarzoma, ƙungiyar mawaƙa ta Kraftklub, waɗanda 'yan garin ne, da ta Die Toten Hosen suka yi wasa kyauta, mutum wajen 65,000 suka hallara. Amma fa ka tsaya gefe. Gaban dandamali turereniya ake yi da gangan, ni dai ban ga daɗinta ba. Katin zamanka ya kasance a aljihu, ka toshe kunne da auduga, kuma kada ka koma tashar jirgi kai kaɗai da dare.