Zan iya canza taimin bel na jif ɗina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da jif ƙirar Honda Pilot ta 2005 mai injin V6. Na hannu na saya, yanzu ta haura mil 120,000, kuma wanda ya sayar mini bai san ko an taɓa canza mata taimin bel ba. Ni nake yi mata juyen baƙin mai, birki da fulogi ma da kaina nake canzawa. Lafiya lau take tashi, ba ƙara ba komai. Shin dole ne in canza bel ɗin yanzu? In dole ne, zan iya yi a gida ko sai na kai gareji?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. E, ka canza shi, kada ka jira ya nuna maka wata alama. Taimin bel ba kasafai yake gargaɗi ba. Mota na tafiya sumul, sai haƙoransa su zube ko ya tsinke, injin ya mutu nan take. Ga irin injinka, wato J35, wa'adin da aka saba bi shi ne mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Motarka ta wuce duka biyun, kuma ba ka da shaidar an taɓa canzawa, to ka ɗauka ba a canza ba.

Dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne yadda aka gina injin. Bel ɗin nan ne yake haɗa karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a ƙasa, da kamshaf biyu da ke sama, masu buɗe bawul. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf na yin ɗaya, da haka bawul ke buɗewa da rufewa daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. A injinka wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke kaiwa idan ya hau, lokaci ne kawai ya raba su. Ranar da bel ya tsinke, kamshaf zai tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuwa bai san an yi ba, sai ya hau ya doke su su lanƙwashe. Daga nan sai sauke kan silinda. Akwai injunan da ba haka suke ba, kamar 5VZ-FE na Toyota mai lita 3.4, wanda in bel ya tsinke mota ta tsaya ne kawai. Wasu kuma sarƙa suke amfani da ita, kamar 1GR-FE mai lita 4.0. Naka ba ya cikin ko ɗaya.

Game da yi a gida: wanda ke canza birki da fulogi da kansa zai iya, amma ba da kayan aikin birki ba. Kana bukatar littafin gyara na ainihin shekarar motarka, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da jak tare da ƙafafun ƙarfe da mota za ta zauna a kai, da ƙarfen riƙe fulin karanshaf, wanda na Honda mai kusurwa shida ne, milimita 50. Ka kuma ware yini biyu. Wanda ya saba zai gama cikin sa'o'i, kai ba ka saba ba, kuma gaggawa ce ke ɓata wannan aiki.

Kafin ka kwance komai, fara da notin fulin karanshaf. Ka cire wayar batir, ka ɗaga gaban motar, ka cire tayar dama ta gaba da robar da ke bayanta, za ka gan shi a tsakiyar fulin, kansa milimita 19. Wannan noti ya kori mutane da yawa daga aikin. Ɗaurinsa nuton-mita 245 ne tun daga kamfani, ga shekaru da zafin inji sun ƙara maƙale shi. Ka sa ƙarfen riƙe fuli, ka samo doguwar sanda mai ƙarfi, ka danna a hankali. In ya saki, ka ci rabin wahala. In ya ƙi, ka mayar da taya, ba ka yi asarar komai ba, ka je a sassauta maka da bindigar iska. Akwai masu tokare sifana da jikin mota su buga sitata don notin ya kwance. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ƙarfe na iya fallewa ya fasa abu ko ya ji wa mutum.

Abin da za ka saya kuma ba bel kaɗai ba ne. Famfon ruwan injin nan taimin bel ne ke juya shi, yana can ciki bayan murafe. In ka bar tsoho, ranar da ya fara yoyo ko boris ɗinsa ya ci, duk wannan kwance-kwancen za ka sake daga farko. Ka sayi cikakken saiti: bel, famfon ruwa da robarsa, fulin tenshina, fulin jagora da bel ke bi ta kansa, da ita kanta tenshinar mai aiki da mai, wadda ke ɗame bel. Sau da yawa ba bel ne ke fara gazawa ba, boris ɗin fuli ne ke kamewa ya cinye shi. Kamfanoni irin su Aisin da Gates da Mitsuboshi suna yin masu kyau, sai dai ana kwaikwayon kwalayensu, don haka ka saya inda ka amince. Araha ba ta ado a nan.

Sauran kwancewar ba ta da wuya: fambel, murafen sama biyu, fulin karanshaf, murfin ƙasa. Kujerar injin ta wannan gefen ma sai ta fita, saboda haka ka tallafe injin da jak daga ƙasa, ka sa katako mai faɗi tsakaninsu don kada kaskon mai ya lalace. Ka riƙa ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, musamman farantin ƙarfen da ke gaban haƙoran karanshaf, domin yana da fuskar da yake kallo.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, wato saiti. Tun tsohon bel yana kai, ka cire fulogai don injin ya yi sauƙin juyawa, ka juya karanshaf da hannu ta yadda hannun agogo ke tafiya, har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa. Alamu uku za su tsaya tare: ɗan tabon da ke haƙoran karanshaf ya fuskanci alamar da ke jikin famfon mai, layin kowane fulin kamshaf kuma ya tsaya daidai da tsagar da ke murfin bayansa. In ta ƙasa ta yi daidai amma na sama suna can gefe, ƙara juyi ɗaya cikakke. Ta kamshaf na baya tana da wuyar gani saboda matsi, ka nemo ƙaramin madubi da tocila, kada ka kalle ta a karkace, ido na yaudara a wurin. Sannan ka ɗauki farin fenti ka ɗiga a kan tsohon bel da kowane fuli. Idan ka cire shi, ka ƙirga haƙoran da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, ka kwafe su a kan sabon. Wannan ƙidayar ita ce shaidarka ta biyu.

Da zarar bel ya fita, kada karanshaf ya motsa. Kamshaf na baya yakan zabura da kansa saboda sifirin ɗin bawul na tura shi. Kada ka firgita, ka sa sifana ka dawo da shi a hankali ta hanyar da ya bi, ba zagayawa za ka yi da shi ba. A nan ne za ka zubar da ruwan lagireto ka canza famfo, ka goge wurin zamansa tas. Ka duba oyil sil na karanshaf da na kamshaf. In akwai damshin mai, a canza su, don mai yana cinye robar bel. Shi sabon bel ɗin kada ka naɗe shi, kada ka tura shi da sukudireba, in yana da kibiya ta kalli inda injin ke juyawa.

Wurin sawa, fara daga karanshaf, ka bi ta fulin jagora, kamshaf na gaba, famfon ruwa, kamshaf na baya, ka ƙare a fulin tenshina. Duk inda ka bi ya zama a miƙe, sassaucin duka ya taru a gefen tenshina. Sabuwar tenshina tana zuwa da ɗan fil da ke riƙe ta. Kada ka zare shi sai ka sake duba alamun nan uku da ɗigon fentinka.

Bayan ka zare fil, kada ka taɓa makulli. Ka juya injin da hannu, aƙalla juyi biyu cikakku, ko adadin da littafin ya ce. In ka ji ya tokare, tsaya, kada ka sa ƙarfi, wataƙila fistin ne ya taɓa bawul. Sai ka duba alamun fuli da na jikin inji. Ka lura, ɗigon fentin da ke kan bel ba zai dawo wurinsa ba bayan juyin, kuma hakan ba kuskure ba ne, alamun ƙarfe kaɗai ake kallo yanzu. In ɗaya ta kauce ko da haƙori guda ne, cire ka sake. Haƙori ɗaya ya isa ya rage wa motar ƙarfi ya kunna fitilar inji, in suka fi haka kuwa bawul ne a cikin haɗari.

Wurin mayarwa, kowane noti da ma'auninsa, musamman na tenshina da na famfo da ke shiga cikin alminiyam, in ka matse fiye da kima zaren ya ci. Ka cika lagireto, ka kunna hita, ka bar injin ya yi zafi har fanka ta tashi don iska ta fita, in ya huce ka ƙara ruwan. Ka saurara: kuka mai kamar fito ko ƙwanƙwasa daga wajen murfi na nufin a kashe a sake buɗewa. In komai lafiya, ka rubuta kwanan wata da adadin mil a takarda mai manne, ka liƙa a murfin sama.