Tambaya da Amsa: Karen da ɗana ya zana kullum akuya yake komawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa mai shekara bakwai da ya ƙwallafa rai a kan zanen karnukan katun da yake gani a talabijin, amma duk wanda ya zana sai yayyensa su ce akuya ce ko jaki, shi kuma ya yaga takardar ya koma gefe yana kuka. Ni ban taɓa koyon zane ba. Batun hukuncin zana abu mai rai na riga na kai shi gaban malamina, abin da nake nema a wurinka shi ne yadda zan koya masa. Daga wata uwa, unguwar Hindawiyya, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi. Ban ga zanen yaron ba, amma ina kyautata zaton daga ido ko kunne yake farawa, yana danna fensir da ƙarfi, sannan ya bi layi ɗaya ya zagaye dabbar har wutsiya. Wanda ya fara da ƙananan sassa ba ya sanin inda manyan za su zauna, shi ya sa fuska take yin tsawo, kuma doguwar fuska mai kunnuwa a baje hagu da dama ai akuya ce ko a wurin wa. Idan kunnuwan suka yi tsawo suka miƙe sama, an samu jaki. Yayyen nasa ba sharri suka yi masa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ki saya masa fensir mai alamar HB, wanda a kantunan littattafai na nan ake kira mirsam, da kilina mai laushi, da farar takarda A4. Sai ki ɗauko finjalin shayi daga kicin, ya kifa shi a saman takardar, ya zagaye bakinsa a hankali, layin ya fito dishi-dishi yadda shafa ɗaya za ta goge shi. Wannan da'irar ita ce kai. Ya raba ta da layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, su haɗu a tsakiya, domin su ne za su nuna masa mazaunin komai kafin a goge su daga baya.

A nan ne nake so ki tsaya a kansa sosai, domin yawancin masu koyo suna kai idanu can saman goshi. Idanun karen katun a kan layin da ke kwance suke zama, ko ma ƙasa da shi kaɗan, manya, da 'yar tazara a tsakaninsu. Tun a shekarar 1943 masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz, mutumin Ostiriya, ya yi bayanin cewa babban kai da faffaɗan goshi da manyan idanu da suka sauko ƙasa su ne siffofin jariri da ke sa zuciyar mutum ta yi laushi, kuma da su masu zanen katun suke aiki har yau. Idan zai cike idon da baƙi, ya bar ɗan farin ɗigo a gefe ɗaya na kowanne, dukansu ta ɓangare guda. Wannan ɗigon ne yake sa a ga kamar karen yana kallon mutum. A ƙasan idanun ya zana siffar ƙwai a kwance, ita ce bakin, a samanta kuma ya ɗora hanci mai kusurwa uku da aka dakushe tsininsa. Daga ƙasan hancin gajeren layi ya sauko, ya rabu biyu, kowane reshe ya lanƙwashe sama kamar ƙugiya. Kunnuwa kuwa su taso daga saman kai ta gefe, su zubo har kusa da kumatu kamar ganyen da rana ta sa ya yi laushi.

Jikin ya fi sauƙi idan karen a zaune yake, kuma ina ba da shawarar a bar tsayuwa da gudu sai nan gaba. Ya zana wani ƙwan a tsaye ƙarƙashin kan, tsawonsa kada ya wuce na kan sosai, ya sauko da ƙafafun gaba biyu a miƙe, kowace ta ƙare da ɗan dunƙule mai gajerun layuka uku da za su raba yatsu huɗu. Ƙafafun baya rabin da'ira ne a kowane gefe, sai wutsiya ta leƙo ta lanƙwashe sama kamar lauje. Dalilin da ya sa na ce a jinkirta tsayuwa shi ne, kare a kan yatsunsa yake tafiya, kuma gaɓar nan ta ƙafar baya da ake gani kamar gwiwa ce ta juya baya, a gaskiya diddigensa ne da ya ɗaga daga ƙasa. Manya ma tana ba su wahala. Idan hannunsa ya faɗa, zai iya gwada salugi, karen farautar Larabawa, mai dogayen ƙafafu da siririn ƙugu, wanda komai nasa kishiyar wannan ɗan dunƙulallen kwikwiyo ne.

Roƙona ɗaya gare ki, Hajiya: kada ki karɓi fensirin ki gyara masa a kan takardarsa. Ki ɗauki taki takardar da naki finjalin ki zauna kusa da shi, ya ga ke ma kina kuskure kina gogewa.

TAMBAYA: Malam, idan na gama zane da fensir na bi shi da baƙin alƙalami, sai tawada ta damalmale takardar. Me zan yi? Daga wani ɗalibi, Jidda.

AMSA: Ɗana, ina jin karatun Larabci ne ya saba maka da farawa daga dama, alhali mai rubutu da hannun dama idan ya fara bin zane daga dama, gefen tafinsa yana bi ta kan ɗanyar tawadar da ya bari a baya. Ka fara daga saman takarda ta hagu ka gangaro dama, idan kuma bahago ne kai sai ka juya lissafin. Ka shimfiɗa wata 'yar takarda a ƙarƙashin hannunka, kuma kada kilina ta taɓa layukan fensir sai tawadar ta bushe sarai, ko da za ka tashi ka sha shayi ka dawo.