Dawakina Shida Sun Ci, Kamfanin Caca Ya Ce Ba Zai Biya Duka Ba

Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Manchester ne, ina aiki a wani rumbun ajiyar kaya. A watan Maris, lokacin gasar tseren dawaki ta Cheltenham, na zuba fam 20 a kan dawakai shida a tikiti ɗaya ta manhajar wani kamfanin caca, duk shidan kuma suka zo na ɗaya. Sa'ad da na buga tikitin wayata ta nuna fam 162,000 zan samu. Yanzu kamfanin ya ce fam 100,000 ne iyakar abin da suke biya, shi ɗin ma sun riƙe, wai sai na turo bayanan asusuna na banki. Ga kuma abokina da muke haya tare, shi ya ba ni fam 10 cikin ashirin ɗin, yanzu ya ce rabi nasa ne. Ban gaya wa kowa a gida Kano ba. Barista, in kai su kotu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hukuncin caca a addini ka san shi, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ɓoyayya ba ce, kuma abin da za a yi da irin wannan kuɗi tambaya ce ta malamai. Ni abin da dokar Ingila ta ce zan faɗa maka, tunda a can ka buga tikitin.

Kana da damar shigar da ƙara. Da can babu wannan dama, domin wata doka ta 1845 ta mayar da yarjejeniyar caca abin da kotu ba ta tilasta wa kowa ya cika, wanda aka hana kuɗinsa sai dai ya yi ta surutu a jarida. Sashe na 335 na Dokar Caca ta 2005, wanda ya fara aiki a watan Satumba na 2007, shi ya sauya wannan. Yau tikitinka kwantiragi ne kamar kowane. Sai dai kwantiragin bai tsaya kan lambar da ta fito a wayarka ba, ya haɗa da ƙa'idojin da ka danna "na amince" a kansu ranar da ka buɗe asusu, kuma kusan babu kamfanin caca da ba ya sa iyakar biya a cikin nasa.

Manyan labaran cin tseren doki da ake yawan bayarwa ma akwai wannan iyaka a cikinsu, masu ba da labarin ne ba sa kaiwa wurin. A watan Fabrairu na 2008, Fred Craggs, mai sayar da takin zamani a yankin Yorkshire, ya zuba rabin fam a kan dawakai takwas a shagon kamfanin caca na William Hill da ke garin Thirsk. Duka suka ci. A lissafi kuɗinsa ya kai wajen fam miliyan 1.4, amma miliyan ɗaya aka ba shi, domin nan kamfanin ya sa iyakarsa. A 2012 Conor Murphy, mai kula da dawakai a bargar mai horar da dawakai Nicky Henderson, ya zuba fam 50 a kan dawakai biyar na maigidansa a wannan gasa ta Cheltenham da ka buga. Lissafinsa ya haura miliyan uku, shi ma miliyan ɗaya ya karɓa. Kamfanonin sun san abin da irin wannan tikiti ke iya yi musu. Ranar 28 ga Satumba, 1996, mahayi Frankie Dettori ya cinye duk tsere bakwai da aka yi a filin Ascot, kamfanonin caca suka tafka asarar miliyoyin fam a yini ɗaya, wani kafinta mai suna Darren Yates shi kaɗai ya tashi da fam 550,000 daga abin da bai kai fam 70 ba. Don haka alƙali ba zai ɗauki iyakar biya a matsayin baƙon abu ko zamba ba. Abin da zai duba shi ne ko an sanar da kai ita yadda ya kamata kafin ka zuba kuɗinka.

Shari'u biyu ne za su nuna maka inda ka tsaya, kuma ba su tafi hanya ɗaya ba. A watan Janairu na 2018 Andrew Green ya ci fam miliyan 1.7 a wani wasan karta na intanet a shafin Betfred, wasan ma sunan Dettori da tserensa bakwai aka sa masa. Kamfanin ya ce manhaja ce ta samu tangarɗa, ya nemi ya sallame shi da fam 60,000 bisa sharaɗin ya yi shiru. Ya ƙi. A watan Afrilu na 2021 Mai shari'a Foster ta Babbar Kotu ta ba shi gaskiya. Dalilinta shi ne sharuɗɗan da kamfanin ya fake da su an cusa su cikin dogon rubutu mai sarƙaƙiya, ba a jawo hankalinsa gare su ba, kuma ba su cika mizanin bayyanawa da adalci da Dokar Haƙƙin Masu Saye ta 2015 ta gindaya ba. Amma a watan Maris na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori ƙarar Joan Parker-Grennan, wadda allonta ya nuna alamar ta ci fam miliyan ɗaya a wani wasan kamfanin Camelot alhali a rumbun bayanan kamfanin fam 10 ta ci. Kotun ta ce ƙa'idojin a fili suke, an ba ta damar karantawa, ta danna amincewa, rashin karantawar kuma ba laifin kamfani ba ne.

Ra'ayina, daga abin da ka rubuto, shi ne shari'arka tana da ƙafa amma ba mai ƙarfi sosai ba. Makaminka mafi kaifi shi ne tikitin da kansa. Idan manhajar ta karɓi kuɗinka, ta rubuta maka fam 162,000 ɓaro-ɓaro, ba tare da ko layi ɗaya na gargaɗi cewa akwai iyaka ba, lauyanka zai iya cewa kwamfutar da ta iya lissafa wannan adadi ta san ba za a biya shi ba, me ya hana ta faɗa? Idan kuwa a ƙasan tikitin akwai rubutu, ko da ƙanana ne, da ke cewa ana aiki da iyakar biya, to rabin hujjarka ta tafi. Buɗe tikitin yau ka ɗauki hotonsa daga sama har ƙasa, ka kuma adana kwafin ƙa'idojin kamfanin, domin sukan sauya su, kuma waɗanda suke aiki ranar da ka buga su ne abin dubawa. Dokar kare bayanai ta ba ka damar neman duk bayanan da suke riƙe da su a kanka, har da tarihin tikitin da hirarrakinka da ma'aikatansu, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa.

Ka kuma bincika ko an janye wani doki daga ɗaya daga cikin tseren shida bayan ka buga. Akwai ƙa'ida ta 4 a dokokin cacar dawaki na Birtaniya da ke ba kamfani damar zaftare daga kashi 5 har zuwa kashi 90 cikin 100 na ribar wannan tseren, gwargwadon yadda aka yi wa dokin da ya janye tsammanin ci. Idan haka ta faru, ragowar fam 62,000 ɗin da kake hange ya ragu tun kafin a shiga kotu.

Yanzu fam 100,000 ɗin da ba a jayayya a kansa. Wannan shi ya fi damuna, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kamfani yana da hurumin tambayar asalin kuɗin da ake caca da shi saboda dokokin hana safarar kuɗin haram. Amma sharaɗin lasisin da Hukumar Kula da Caca ta Birtaniya ta gindaya tun 2019 ya hana su mayar da neman takardu sharaɗin cire kuɗi, matuƙar abu ne da ya kamata su nema tun farko. Rubuta musu, ba ta waya ba, ka tambaye su takamaimai wace takarda suke so da dalilinta, ka ba su abin da ke da ma'ana, ka kuma rubuta cewa kana karɓar fam 100,000 ɗin ba tare da ka yafe ragowar ba. Duk takardar da suka turo mai cewa wannan shi ne biya na ƙarshe kuma magana ta rufe, ko mai hana ka magana, kada ka sa mata hannu sai lauya ya karanta.

Akwai rami a nan da ban ga alamar ka lura da shi ba. Kamfanoni da yawa sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba a yin caca da kuɗin wani ko a madadin wani, kuma fam 10 ɗin abokinka na iya zama ƙofar da za su bi su ce ka karya sharaɗi. Ko wannan hujja za ta tsaya a gaban alƙali wata magana ce, amma kada tsoronta ya sa ka yi ƙarya. Faɗin abin da ka san ba gaskiya ba ne domin a biya ka kuɗi laifi ne ƙarƙashin Dokar Zamba ta 2006, kuma ga baƙo mai zama da biza, hukuncin laifi ya fi asarar tikiti ciwo. Kafin ka amsa kowace tambaya kan asalin fam 20 ɗin, ka zauna da lauya mai lasisin aiki a Ingila. Kuɗin zaman awa ɗaya ba komai ba ne a kan abin da ke gabanka.

Hanyar ƙorafi a tsare take. Fara duba sunan kamfanin a rajistar Hukumar da ke shafinta na intanet. Tun 2014 duk mai karɓar caca daga mazauna Birtaniya sai da lasisinta, idan kuma ka tarar naka ba shi da shi, lasisin wani tsibiri mai nisa kawai yake nunawa, to ko ka ci shari'a karɓo kuɗin zai zama wani aikin daban. Idan yana da lasisi, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Suna da mako takwas. Bayan nan, ko da zarar sun ba ka amsar ƙarshe, kana iya kai maganar ga mai sasanci mai zaman kansa kyauta, wanda aka fi sani shi ne IBAS. Sai dai hukuncinsa yana ɗaure kamfani ne a kan abin da bai wuce fam 10,000 ba, naka kuma ya ninka haka. Duk da haka ka bi ta nan, ba ka asarar komai, kuma hanyar kotu tana nan a buɗe. Hukumar ita kanta ba ta karɓo wa mutum kuɗinsa.

Kotu kuwa a yi lissafi kafin a shiga. Kana da shekara shida, ba gaggawa. Kuɗin shigar da ƙara a irin wannan adadi kashi 5 cikin 100 ne, wato fam 3,100 a kan 62,000, ban da ladan lauyoyi. Kuma a Ingila wanda ya faɗi shari'a shi ke ɗaukar mafi yawan kuɗin da abokin hamayyarsa ya kashe. Andrew Green ya shafe sama da shekara uku kafin ya ga kuɗinsa. Akwai lauyoyin da ke karɓar aiki bisa sharaɗin sai an ci za a biya su, kuma yadda za su karɓi takardunka ko su mayar maka zai gaya maka ƙarfin shari'ar fiye da duk abin da zan rubuta a nan. Sau da yawa wasiƙar lauya mai kyau kan kai ga sulhu a tsakiya.

Abokinka. Ka rubuta cewa shi ya ba ka fam 10 "cikin ashirin ɗin", kuma wannan furuci naka ya kusa yanke maganar. Dokar Ingila ba ta ce sai an rubuta irin wannan yarjejeniya ba. A shari'ar Simpkins da Pays ta 1955, wata tsohuwa da jikarta da ɗan hayarsu suna shiga gasar jarida tare da sunan tsohuwar, aka ci fam 750, ta ce nata ne, kotu ta ce a ba ɗan hayan sulusinsa. A shari'ar Wilson da Burnett ta 2007 kuwa, wasu mata biyu sun nemi kaso daga sama da fam 100,000 da abokiyar aikinsu ta ci a bingo, kotu ta ce ba su tabbatar da cewa hirar da suka yi ta kai yarjejeniya ba. Bambancin naka da nasu shi ne kuɗi ya fita daga hannu ya shiga hannu. Idan rance ya ba ka, fam 10 yake binka. Idan kuwa don a buga tikitin tare ya bayar, musamman in kun zaɓi dawakan tare ko akwai saƙon WhatsApp da ke nuna haka, rabin abin da aka biya nasa ne, kuma ina ganin kai ma ka san wanne ne a ciki. Ku rubuta abin da kuka daidaita a kai, ku sa hannu gaban shaida, ku haɗa da yadda za ku raba kuɗin lauya idan aka tafi neman ragowar.

Haraji ba damuwa: a Birtaniya ba a karɓar haraji daga ɗan caca a kan abin da ya ci, sai dai a kan ribar da kuɗin ya haifar daga baya. Da zarar an saki kuɗin ka kwashe shi daga asusun cacar a ranar. Idan za ka aika wani abu gida, bi ta banki, ka riƙe wasiƙar kamfanin da ke nuna asalinsa, domin bankinka zai tambaya. In kuma a jaka za ka ɗauka, fam 10,000 ko fiye sai ka bayyana kafin ka fita daga Birtaniya, a Najeriya kuma sai ka bayyana wa kwastam abin da ya haura dala 10,000. Kuma duk wata rigima da abokinka ku ƙare ta a can inda doka ta san da yarjejeniyarku. A Kano, inda caca laifi ce a dokar Shari'a kuma Hisbah ta rufe shagunanta a 2024, ba maganar da ɗayanku zai so ya kai gaban alƙali ba ce.