Kotun yara: da gaske ba a buƙatar lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. An kama ɗana mai shekara 14 tare da abokansa bisa zargin sata, an ce kotun yara za a kai shi. Wani da ke kai-kawo a harabar kotu ya ce kada in ɓata kuɗina wajen lauya, wai can nasiha kawai ake yi, yaron ya amsa laifi a sallame shi. Ko barci ba na iya yi. Mece ce kotun nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, amma kada ki bi shawarar mutumin nan.

A Shikago ta jihar Illinois a Amurka aka kafa kotun yara ta farko a 1899, Ingila ta bi sahu da dokar yara ta 1908. Kafin nan yaro kan gurfana gaban alƙalin manya, a kulle shi da riƙaƙƙun ɓarayi, ya fito ya fi da lalacewa. Sai aka ce hukuma ta tsaya a matsayin uba, ta duba gidan yaron da karatunsa, ta gyara shi. Shi ya sa galibi ake zaman a asirce, ba a kuma bayyana sunan yaro.

To daga nan ne ruɗanin da nake fama da shi kullum ya samo asali. Da mutane sun ji an ce gyara, sai su ɗauka babu hukunci. Akwai hukunci mana! Wurin da ake kira gidan gyaran hali sunansa ne kawai mai taushi, amma akwai katanga, akwai kwaɗo a ƙofa, yaro ba ya fita sai an ce ya fita.

A 1964 a jihar Arizona aka kama Gerald Gault, ɗan shekara 15, kan zargin yi wa maƙwabciyarsu batsa ta waya. Ba a sanar da iyayensa lokacin kamun ba, ba shi da lauya, matar da ta kai ƙara ko kotun ba ta zo ba. Alƙali ya tura shi gidan gyaran hali har sai ya kai shekara 21. Da babba ne ya aikata, iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yaro ma yana da haƙƙin sanin tuhumarsa, da samun lauya, da yi wa shaidu tambaya, da yin shiru.

Su kuma masu cewa "ya amsa kawai", sun taɓa zama kusa da yaron da ya kwana a tsare? Jikinsa na ɓari, idonsa na kan ƙofa, duk abin da aka ce masa "e" zai ce don a bar shi ya koma gida. Da zarar an rubuta amsar nan, warware ta jan aiki ne, shi kuwa mai shawarar ya karɓi na aljihunsa ya yi gaba.

Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana da haƙƙin samun taimakon shari'a. Ki nemi lauya yau ɗin nan, in babu hali ki tambayi ofishin lauyoyin kyauta. Ki riƙe takardar haihuwarsa, don shekarunsa ne za su hana a kai shi kotun manya. Kada ya sa hannu a wata takarda sai kina wurin ke da lauyansa.