Murhun kyafa sosej: me ya sa ake ware wuta daban?

"Oga, mai suyar nan na Agege ya ce mu haɗa masa abin kyafa sosej ɗin naman sa a bayan gida. Na ɗauka duro za mu yanka, a zuba gawayi a gindinsa, a ɗora raga a sama irin na masu bandar kifi. Me ya sa ka ce sai an ware wutar daban?"

Saboda kitse, Sani. Sosej mai kyau, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa kitse ne, an niƙa shi tare da nama an ɗura a hanjin rago. Da zafin cikin duro ya haura digiri 85 a ma'aunin Celsius, kitsen nan zai narke ya tsiyaye, hanjin ya yamutse, naman ya riƙa marmashewa a baki. In kuma garwashi na ƙarƙashinsa kai tsaye, kitsen ya ɗiga, wuta ta tashi ta babbake komai. Hayaƙi da ɗumi ake so su isa ga naman, harshen wuta ya tsaya nesa.

Fara da duro mai cin lita 200, wanda aka zuba man girki ko wani kayan abinci a ciki. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur, fenti ko maganin ƙwari, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Duk duron da ba ka san tarihinsa ba, cika shi da ruwa kafin ka sa masa injin yanka, don tururin da ya maƙale a ciki yana fashewa. Bayan ka cire kansa, hura wuta a ciki ta cinye fentin, ka goge da burushin waya.

Ɗora shi a kan bulo biyu. Akwatin da za a hura wutar a ciki na ƙasa, nesa da shi kamar santimita 80: farantin ƙarfe mai kauri, santimita 40 kowane gefe, da ƙofa mai 'yar taga da ake zugewa. Bututun baƙin ƙarfe mai inci shida ne zai haɗa su, ya ɗan haura sama wajen duron, tunda hayaƙi ba ya gangara. Kada ka sa bututun roba, kada ka sa ƙarfen nan mai farin rufi irin na kwanon gini. Rufin yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai guba. Wasu kan ja bututun har mita biyu don hayaƙin ya huce sosai. Wannan na ƙasashe masu sanyi ne, Turai da makamantansu. A Legas iskar waje ma tana kai digiri 30, kyafi mai sanyi ba ya yiwuwa, sai dai a ruɓar da nama.

A cikin duron, taƙi ɗaya sama da bakin bututun, sa faranti mai huji-huji ya baza hayaƙin. Can sama, santimita 15 ƙasa da murfi, huda ka zura rodi uku masu milimita 12, a nan za a rataye sosej, kada ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. Inda suka haɗu hayaƙi ba ya kamawa, sai wurin ya fito fari. Ma'aunin zafi daidai tsayin naman za ka ɗaura shi, ba a murfi ba.

Ramin fitar hayaƙi a murfi, inci huɗu da marfin zugewa, shi ne inda mutane suka fi ɓata aiki. Gani suke hayaƙi na tserewa, sai su toshe. Hayaƙin da ya tsaya yana haɗuwa da laima, ya taru a murfi, ya ɗigo baƙi ƙirin, sosej ya yi ɗaci yana ɗaure harshe. Ga Legas da laima, balle da damina. Ka gaya wa mai shi: da tagar akwatin wuta ake rage zafi, ramin sama ba a rufe shi ya wuce rabi.

Gawayi ne tushen wutar, a jefa masa busasshen icen mangwaro ko gwaiba guntu-guntu, ko ɓawon kwakwa. Ban da katakon da aka yi wa fenti ko magani, ban da filawud. Hayaƙi siriri mai ɗan shuɗi ake nema. Fari mai kauri alama ce icen ɗanye ne ko wutar ta rasa iska.

Awa ɗayar farko digiri 50, ba ice, rami a buɗe, har hanjin ya bushe a hannu. Sannan hayaƙi a digiri 60 zuwa 65 na awa biyu, a ƙarasa a 75 zuwa 80 har tsakiyar sosej ɗin ya kai 71. A tsoma a ruwan sanyi, a kai firji. Tunda naman zai daɗe cikin ɗumi da ƙarancin iska, dole mai suyar ya sa gishirin adana nama mai ruwan hoda, giram 2.5 a kowane kilo, da sikeli ba da ido ba. In bai samu ba, ya gasa kawai.

Kafin mu kai masa, za mu hura shi ba nama na awa biyu. Ka riƙe alli, duk inda hayaƙi ya ɓullo a waldar ka yi masa alama.