Kuɗin ƙungiyarmu ta makiyaya a aljihun shugaba suke: ina mafita?

Tambaya: Malam, ni makiyayi ne a yankin Mai'adua. Muna biyan kuɗin ƙungiya duk wata, amma ba a taɓa karanta mana lissafi ba, kuma idan tallafin dusa ko allurar rigakafi ya zo, sai dai mu ji an raba. Shugabanmu dattijo ne da muke jin nauyinsa. Yaya za mu gyara ba tare da mun ɓata zumunci ba?

Amsa: Malam, kada ku fara da tuhumar dattijon, domin a abin da ka bayyana ban ga shaidar cin amana ba, tsari na gani wanda ya tara kuɗi da rajistar mambobi da ikon rabo a hannu ɗaya, kuma ko waliyyi aka ɗora wa wannan sai an zarge shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka faɗa wa. Da wannan hujjar za ku je masa, ta bakin ardo ko limami, ba a tsakiyar kara ranar kasuwa ba.

Abu na farko shi ne asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu cikin uku: shugaba, sakatare da ma'aji, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Duk wanda ya biya a ba shi rasit. Amma takarda kaɗai ba ta wadatar ba a taron da da yawa ba su yi boko ba, saboda haka a riƙa karanta shiga da fita da babbar murya, da Hausa da Fulatanci, duk bayan wata uku, sannan mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su gwada abin da aka karanta da takardar banki.

Wajen rabon tallafi ne zuciya ta fi ɓaci. A ƙirga buhuna a gaban jama'a kafin a taɓa su, a amince da ma'aunin rabo tun kayan ba su iso ba, ko bisa yawan garke ko bisa yawan gidaje, kuma kada a manta da matan da ke kiwon awaki da tumaki, waɗanda sau da yawa ba a rubuta sunansu. Idan shugaba dillali ne ko mai sayar da dusa da angurya, wannan ba laifi ba ne, sai dai ya bayyana, ya kuma fita daga zaman da za a yanke a wurin wa za a sayi kaya. Haka nan bai halatta jami'in ƙungiya ya tsaya wa dabbar da bai san asalinta ba, ganin yadda satar shanu ta addabi jihar Katsina.

Ka binciki irin rajistarku. Idan da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi kuka yi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, akwai kundin tsarin mulkin da aka miƙa mata, kuma tana neman rahoton shekara-shekara. Idan kuwa ta gama-kai ce, ofishin jiha mai kula da irin waɗannan ƙungiyoyi ne zai duba littattafanku. Ku nemi kwafin kundin, ku duba wa'adin shugabanci da adadin mambobin da za su iya kiran babban taro, sannan ku rubuta takardar neman taron.